Dokar Tsare Asirin Mutane Da Saurin Na'ura

Jihar Hesse ta ƙasar Jamus ce ta fara kafa dokar tsare bayanan mutane a 1970, Suwidin ta bi sahu a 1973. A lokacin nan kwamfuta takan cika ɗaki guda, ba a kuwa samunta sai a hannun gwamnati da manyan kamfanoni. Yau tana cikin aljihun kowa, amma har yanzu dokokin sun fi dogara ga abu ɗaya, watau yardar mai bayanin.

Tarayyar Turai ta fi kowa ƙoƙari. Dokarta da ta soma aiki a 2018 tana bin kamfani duk inda yake a duniya, muddin yana hulɗa da mutanen da ke Turai, tara kuwa tana iya kai kashi 4 cikin ɗari na cinikinsa na shekara. Bisa ga wannan doka ce aka ci kamfanin Meta, mai Facebook, tarar Yuro biliyan 1.2 a 2023 saboda kai bayanan Turawa Amurka. Ita Amurka ba ta da doka ɗaya ta tarayya da ta haɗa kome, sai jihohi irin su Kalifoniya, kowace da tata. Mu a Nijeriya mun sami ƙa'idojin hukumar NITDA a 2019, sa'an nan cikakkiyar doka da hukumarta a 2023.

To, sai dai mu duba masu ba da bashi ta wayar hannu. Mutum yana cikin matsi, ga kuɗin makaranta, ga na asibiti, sai ya danna alamar yarda a ƙarƙashin dogon Turancin da bai karanta ba. Da wannan dannawa ya miƙa lambobin dukan waɗanda ke cikin wayarsa. Ranar da biya ta gagara, surukinsa da maigidansa a wurin aiki sukan sami saƙo cewa wane ɓarawo ne. Wa ya nemi yardar surukin? Ba wanda ya tambaye shi, gama ta wayar wani aka kama shi. A 2021 NITDA ta ci ɗaya daga cikin irin waɗannan kamfanoni tarar Naira miliyan 10. A ganinmu wannan ba ta isa ta tsorata mai cin ruwan bashi ba.

Ko Turai ɗin ma da sauran aiki a gabanta. Dokarta ta ba mutum ikon ya ce a share bayaninsa, amma na'urorin nan masu kwaikwayon hankalin ɗan Adam, in sun riga sun koyi abu daga rubutun mutane, cire shi yana da wuya ƙwarai. A 2024 sai da Turai ta sāke yin wata doka dabam dominsu.