Ra'ayinmu: Sautin kwamfuta ma saƙo ne, a daina barin sa yadda kamfani ya saita

A ofisoshi da shagunan buga takardu da ɗakunan karatu, akwai masu amfani da kwamfuta iri biyu. Wasu sun bar ta tana ƙara a kan komai, saƙon imel ya shigo ta yi ƙara, a soka filasha ta yi ƙara, har na kusa da su ya rasa sukuni. Wasu kuma sun gaji, sun kashe lasifika gaba ɗaya. A ganinmu duk biyun ba su yi wa kansu adalci ba.

Hausawa na cewa kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Haka sautukan kwamfuta suke. Kamfanonin da ke ƙera su ba da wasa suke yin su ba. A 1994 kamfanin Microsoft ya ɗauki mawaƙin nan ɗan Ingila, Brian Eno, ya tsara sautin buɗe Windows 95 mai tsawon kusan daƙiƙa shida. A Windows 8 da ta fito a 2012 an kashe sautin buɗewa, sannan Windows 11 ta dawo da shi a 2021 da sautuka masu laushi. Apple ma ya cire sautin buɗe kwamfutocin MacBook a 2016, ya dawo da shi a 2020. Idan masu ƙera na'urar da kansu suna sauya shawara a kan wane sauti ya dace, mai kwamfutar da ya san inda yake aiki ya fi kowa cancantar yanke hukunci.

Hanyar kuwa ba ta da wuya. A Windows, idan aka shiga Control Panel aka zaɓi Sound, sai a danna shafin Sounds. A nan za a ga jerin abubuwan da ke sa kwamfuta yin ƙara, ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne ana iya sauya masa sauti ko a mayar da shi shiru. Sautukan da suka zo da manhajar suna cikin babban fayil na Media da ke cikin Windows, kuma wanda yake son sa nasa sai ya kasance nau'in WAV. Akwai kuma Volume Mixer, inda ake rage ƙarar manhaja ɗaya ba tare da taɓa sauran ba.

Shawararmu ita ce a yi tankaɗe da rairaya. Sautin share kwandon shara ko na buɗe kwamfuta ana iya kashe su ba a yi asarar komai ba. Amma gargaɗin ƙarewar batir, a ƙasar da wuta ke ɗaukewa ba sallama, shi ne ke tsakanin mutum da asarar aikin da bai adana ba. Kamata ya yi a ba shi sauti mai ƙarfi wanda bai yi kama da kowane ba. Haka sautin soka na'ura da cire ta, domin shi ke sanar da mutum cewa filasha ko wayar firinta ta goce ana tsakiyar tura aiki. Idan kowane abu yana da ƙara, kunne zai saba, ranar da gargaɗi na gaskiya ya zo ba za a ji shi ba.

Akwai kuma haƙƙin jama'a. Malamin da ya haɗa kwamfutarsa da lasifikar aji, ko ma'aikacin da ke taro ta intanet, ya kamata ya kunna tsarin hana damuwa da ke cikin Windows kafin ya fara. Masu kula da kwamfutocin makarantu da ofisoshi su ma su tuna cewa ga makafi sauti shi ne allo. Da muryar Narrator, ko manhajar NVDA ta kyauta wadda aka fara a Ostireliya a 2006, suke karanta abin da ke rubuce. Kashe sauti baki ɗaya a kwamfutar da jama'a ke amfani da ita tamkar rufe musu ƙofa ne. Ga kurame kuma, Windows na da saitin da ke sa allo walƙiya a maimakon ƙara.

Gargaɗi ɗaya ga matasa masu son ƙawata kwamfuta: sauti fayil ne na sauraro kawai. Duk shafin da ya ce sai an sauke wata manhaja an girka ta kafin a samu sababbin sautuka, a yi hattara da shi, domin ta irin wannan hanya ƙwayoyin cutar kwamfuta ke shiga.

Minti goma sun isa mutum ya zauna ya tantance abin da yake son kwamfutarsa ta faɗa masa da abin da zai bar ta ta yi shiru a kai. Muna kira ga cibiyoyin koyar da kwamfuta su sa wannan a darussan farko, tare da koyar da adana fayil da kare kalmar sirri.