Kafin A Auna, A Daidaita Mudu: Ma'anar Cin Zarafin Yara

Sanin kowa ne cewa ciniki ba ya yiwuwa a kasuwar da kowa ya zo da mudunsa. Haka al'amarin yake ga masu binciken lafiyar al'umma game da cin zarafin yara, domin kuwa muddin ba a daidaita a kan ma'anar kalmar ba, to, alƙaluman da wani ya tara ba za su gwadu da na wani ba.

Maganar ta yi ƙarfi ne a Amurka cikin 1962, sa'ad da likita Henry Kempe da abokan aikinsa suka bayyana cewa karaya da raunukan da ake kawo wasu yara asibiti da su, dukan iyaye ne ya jawo su, ba haɗari ba. A 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara ma'ana mai faɗi, wadda ta ƙunshi cutar da jiki, da lalata da yaro, da ƙuntata masa rai, da sakaci da shi, da ci da guminsa. Yaro kuwa a nan shi ne wanda bai kai shekara 18 ba.

To, a ganina wahalar tana ga harshe. Bahaushe yana da horo, yana da tarbiyya, yana kuma da zalunci, amma iyakar da ke tsakaninsu takan sauya daga gida zuwa gida. Uban da ya farfasa wa ɗansa jiki da bulala zai ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ɗan ma zai yarda horo aka yi masa. Idan mai bincike ya tambaye shi ko an taɓa cin zarafinsa, cewa zai yi a'a, kuma ba ƙarya ya yi ba. Saboda haka wajibi ne a gina ma'ana a kan aikin da aka aikata, ba a kan sunan da mai aikatawa ya ba shi ba: an naushe ka? An doke ka da sanda? Irin wannan hanya aka bi a binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a Nijeriya cikin 2014, wanda ya nuna cewa yara 6 cikin 10 sun gamu da wani nau'in cutarwa kafin su cika shekara 18.

Sakaci ya fi wuyar sha'ani, domin yakan yi kama da talauci. Uwar da ba ta kai ɗanta asibiti ba don babu ko kwabo a hannunta daban take da wadda ke da hali ta ƙi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta ɗora laifin sakaci a kan mai iko da yi. In aka haɗa su wuri guda, an zalunci matalauta, an kuma rubuta wa cuta maganin da ba nata ba.

Wani zai ce wannan ma'ana ta Turawa ce. Amsa ita ce, rauni ba ya da ƙabila. Aikinmu mu masu nazarin Hausa shi ne mu tace kalmomin da za a yi tambaya da su, yadda yaron Kano da na Maraɗi za su fahimci abu guda. Allah Ya sa mu dace.