Lisbon ba filin golf kaɗai ba ce

Masu tallar yawon buɗe ido suna kwaɗaita mana Lisbon, babban birnin Fotugal, da filayen golf na Estoril da Cascais da fadojin Sintra. Kyau kam akwai shi. Abin da na ƙi shi ne ɗan Afirka ya tsaya a unguwar Belém, gaban ginin tunawa da matuƙan jiragen ruwa da gwamnatin Salazar ta buɗe a 1960, ya ɗauki hoto yana murmushi, bai tambayi inda jiragen suka dosa ba. Wasunsu gaɓarmu suka nufo. Turawan Fotugal ne suka gina Elmina a Ghana a 1482, inda daga baya aka riƙa tsare bayi. Jama'a, ku je ku buga wasanku, amma ku tambayi ɗan rakiya wannan tarihi. In ya kauce, ku maimaita.