Tattaki Daga Bakin Kogi Zuwa Teku: Lagwu Ne Ko Tafakkuri?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya gudanar da koguna a cikinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammad da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Na sha jin wasu 'yan uwa masu kishin addini suna cewa wai fita tattaki a bakin kogi ko teku al'adar Turawa ce, kuma lagwu ne da bai dace da ɗalibin ilimi ba. A ɗaya ɓangaren kuma akwai masu fita, amma babu abin da suke dawowa da shi sai hotuna a waya da ramuwar sallar La'asar. A ganina dukkan ɓangarorin biyu sun yi asara, kuma zan kafa maganata a kan misali guda sananne.

A kudancin Ingila, a yankin Sussex ta Gabas, akwai wani ƙaramin kogi mai suna Cuckmere, wanda yake faɗawa teku tsakanin garin Seaford da garin Eastbourne. Daga wani wuri da ake kira Exceat zuwa bakin teku tafiyar kamar kilomita 2 ce, a kan hanya shimfiɗaɗɗa, babu hawa babu gangara, har mai tura keken jariri yana iya binta. Motar haya mai lamba 12 da ke zirga-zirga tsakanin Brighton da Eastbourne tana ajiye mutum a bakin hanyar, saboda haka ɗalibanmu da ke karatu a jami'o'in Brighton ba su da uzurin nisa. Mai tafiya zai ga tumaki suna kiwo, ga zalɓe da sauran tsuntsayen ruwa, ga tsohuwar hanyar kogin tana lanƙwasa kamar maciji. Wannan lanƙwasa ba ta gudana yanzu, domin a shekarar 1846 an haƙa wa kogin miƙaƙƙiyar hanya don rage ambaliya. A ƙarshen tafiyar sai bakin teku mai tsakuwa, ga kuma fararen duwatsun alli da ake kira Seven Sisters, tsaye kamar bango daga gabas. Masana sun bayyana cewa wannan alli ya taru ne daga ɓawon wasu ƙananan halittun teku waɗanda ido ba ya iya gani.

To, mene ne hukuncin irin wannan fita? Asali a cikin al'adu shi ne halasci, har sai dalili ya zo da hani. Tafiya da ƙafa ba alamar wani addini ba ce balle a ce an yi kamanceceniya da ma'abotansa. Hasali ma a Suratul Ankabut, aya ta 20, Allah Ya umarci bayinSa su yi tafiya a bayan ƙasa su duba yadda Ya fari halitta. A hadisin Hanzala da Muslim ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya nuna cewa akwai lokacin zikiri akwai kuma lokacin harkokin rayuwa, sannan ya sanar da Abdullahi ɗan Amru cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. Matashin da ya hana kansa rabin sa'a a bakin ruwa da sunan tsantseni, alhali yana kwana a kan waya yana musu da mutanen da bai taɓa gani ba, ya kamata ya sake auna wanne ne lagwun a cikin biyun.

Amma babban abin da ya sa na zaɓi wannan misali shi ne mahaɗar ruwa. Allah Ya ambaci ruwa biyu, mai daɗi da mai gishiri, da shamakin da ke tsakaninsu, a Suratul Furƙan aya ta 53, da Suratun Namli aya ta 61, da kuma Suratur Rahman. Shekaru da dama ke nan ana yaɗa wani bidiyo na mashigin tekun Alaska, inda ake ganin ruwa launi biyu, ana cewa wai ga tekuna biyun da ba sa gauraya. Bayanin masana shi ne, ruwan narkakkiyar ƙanƙara ne ɗauke da laka yake haɗuwa da ruwan teku, kuma a hankali suna cakuɗewa. Wanda ya tsaya a bakin Cuckmere zai gani da idonsa: idan teku ta cika, ruwan gishiri yana kutsawa cikin kogin, ruwan wurin ya zama zartsi, idan ta janye, kogin ya ci gaba da zuba. Shin wannan ya saɓa wa ayar? Ko kusa. Ibn Kasir a tafsirinsa ya fassara ruwa mai daɗi da koguna da idanun ruwa da rijiyoyi, ya kuma fassara shamakin da busasshiyar ƙasa. Abin mamakin ke nan na haƙiƙa: kogi yana zuba a teku dare da rana, teku ba ta daina gishiri ba, kogin kuma a can samansa bai daina daɗi ba.

Wannan batu ba ƙarami ba ne, ya ɗan uwa. Idan muka ɗora imanin yaro a kan bidiyon da ba a tantance ba, ranar da malamin kimiyya ya warware masa shi a aji, sai shakka ta shige shi game da Littafin kansa, alhali kuskuren na mai yaɗa bidiyon ne. Wanda ya saba duba halitta da idonsa, ya kuma koma ga tafsirin magabata, ya fi samun kariya daga wannan fitina.

Sai dai fitar tana da sharuɗɗa. Na farko shi ne sallah. Babu masallaci a wannan kwari, kuma a watan Disamba rana tana faɗuwa a kudancin Ingila kafin ƙarfe 4 na yamma, don haka Azahar da La'asar da Magariba duk suna iya riskar mutum a fita ɗaya. A duba lokutan tun daga gida, a san cewa alƙibla tana kudu maso gabas. Ruwan alwala kuwa ga shi nan, domin Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa an tambayi Annabi (SAW) game da ruwan teku ya tabbatar da cewa mai tsarkakewa ne.

Na biyu shi ne kiyaye rai. Duwatsun alli suna zaftarewa ba tare da wata alama ba, saboda haka tsayawa a bakinsu don ɗaukar hoto wauta ce, zama a gindinsu ma haka. Teku tana cika sau biyu a kowace rana, kuma tana iya rutsa wanda ya bi ƙarƙashin duwatsun. Tawakkali yana zuwa ne bayan an ɗaure raƙumi.

Na uku shi ne ladabi: runtse ido musamman a lokacin zafi da jama'a ke cika bakin teku, zaɓen abokan tafiya nagari, da barin wuri da tsabta. Addinin da ya sanya kawar da ƙazanta daga hanya a cikin rassan imani ba zai yarda mabiyinsa ya jefa leda a kogi ba.

Wani zai ce: ni ina Kano ko Maraɗi, ina ni ina Ingila? Darasin bai taƙaita ga can ba. 'Yan uwanmu na Accra suna da Ada Foah, inda kogin Volta yake shiga teku. Mutanen Yamai da Yawuri suna da kogin Kwara a ƙofarsu. Kogin Haɗeja kuwa ba ya kaiwa teku, ruwansa yana bi ta kogin Yobe ne zuwa tafkin Chadi, kuma wannan ma abin lura ne ga mai hankali. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya misalta salloli biyar da kogi a ƙofar gidan mutum, wanda yake wanka a ciki sau biyar kullum. Wanda ya taɓa zama a bakin ruwa mai gudana ya ga yadda yake tafiya da datti zai fi fahimtar wannan misali fiye da wanda ya haddace shi kawai.

Saboda haka ina kira ga malaman Islamiyya 'yan uwana, mu riƙa fita da ɗalibanmu ko sau ɗaya a zangon karatu, da izinin iyaye da kulawar manya, mu karantar da waɗannan ayoyi a gaban abin da suke magana a kai. Ku kuma matasa, ku gyara niyya kafin ku ɗaura takalmi, domin niyya ce take mayar da al'ada ibada.

Allah Ya sanya mu cikin masu tunani a kan ayoyinSa, Ya kare mu daga gafala. Wallahu a'alam.