Muhawara Ba Hadda Ba Ce

'Yan'uwa malamai, mu faɗa wa kanmu gaskiya: sau da yawa mu muke rubuta wa ɗalibai jawabin muhawara su haddace. Da abokin hamayya ya jefo tambaya, sai yaro ya yi tsuru-tsuru. Laifin namu ne.

A gasar muhawara ta makarantun duniya, wadda aka fara a Ostireliya a 1988, akwai batutuwan da sa'a ɗaya kacal ake ba ɗalibai su shirya, ba tare da malami ba. Don haka mu horar da namu su saurara, su rubuta hujjojin abokan hamayya, su fara rusa mafi ƙarfi. Mu riƙa sauya musu ɓangare wajen gwaji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.