Zanen da Ba Shi da Sura

A shekarar 1911, a birnin Munik na Jamus, Wassily Kandinsky, mutumin Rasha wanda ya karanci shari'a kafin ya koma ga zane, ya fitar da littafi yana da'awar cewa launi shi kaɗai, ba tare da surar mutum ko dabba ba, yana iya motsa zuciya kamar yadda sauti yake yi, har ya danganta rawaya da ƙarar kakaki, shuɗi kuwa da natsuwar samaniya. Turawa da dama suka ɗauki abin bidi'a, alhali kuwa almajirin da ya yi sauka a Kuseri ko Garwa, aka zayyana masa allo da ja da rawaya, bai taɓa tambayar malaminsa ko wace halitta ce aka zana ba, domin ya san murna ce da girmama Alƙur'ani. Inda na saɓa wa Kandinsky shi ne ƙayyade wa kowane launi tasiri guda, kamar hukuncin da ijma'i ya tabbatar, domin farin da yake likkafani a wurinmu shi ne kuma rigar Idi. A wannan babi, ina ganin hujjarsa ba ta tsaya ba.