Ka Ce Burodi, Kada Ka Ji Kunya

Ya kai ɗalibi, idan ka shiga kasuwar Azare ka ji mai shayi ya ce "burodi", kada ka ɗauka Turanci ne ya gagare shi. Kalmar "bread" gaɓa ɗaya ce, domin Turanci ya yarda baƙaƙe biyu ko uku su jeru a farkon gaɓa. Hausa ba ta lamunci wannan cunkoso ba, sai ta sa wasali a tsakani: bu-ro-di. Haka "screwdriver" mai gaɓa 3 ta koma su-ku-di-re-ba mai gaɓa 5.

Abin da ya fi damuna a aji kuwa shi ne danna murya. Bature yakan ƙarfafa gaɓa guda a cikin kalma: "record" suna ne idan ƙarfin yana gaɓar farko, aikatau ne idan yana ta biyu. Hausa karin sauti take bi. Idan ka furta "kuka" muryarka tana sama har ƙarshe, na hawaye kake nufi; idan ta sauka a gaɓar ƙarshe, ka ambaci itacen da ake miya da ganyensa.

Saboda haka saurari yadda yaran mota suke kiran Ka-ta-gum a tasha, ka kwaikwaye su. A ganina, wannan ya fi maka amfani da haddace shafi goma na ƙamus.